Wuri ya cika a manhajar kasuwanci: tambayoyin da 'yan kasuwarmu na Garwa da Kusiri suka fi yi min

Assalamu alaikum jama'a. Ni dai sana'ata kenan, ɗora wa 'yan kasuwa lojisiyel na lissafi da na kula da kayan mangaza, daga nan Garwa har Marwa da Ngaundere da Kusiri, wani sa'in a tsallaka da ni Njamena. Tun da mutanenmu suka fara barin littafin bashi da Excel suna komawa manhajojin da ke ajiye komai a intanet, irin su Odoo da Zoho da Dynamics 365 na Microsoft, ba kiran da ya fi yawa a wayata irin na "Malam, abin nan ya rubuto wai wuri ya kusa cika, ya za a yi?" Shi ne na haɗa tambayoyin yadda ake yi min su, da amsar da nake bayarwa.

Malam, wai bayanan namu ina suke zaune ne tunda ba a cikin ordinata ɗina suke ba?

Suna cikin kwamfutocin wani kamfani a wata ƙasa, manyan ɗakuna ne cike da na'urori da sanyi da janareto, kai kuma kana leƙa naka ta intanet da sunanka da lambar sirrinka. Yawancin namu na wannan yanki a Turai suke sauka, Faransa ko Jamus ko Ailan, ya danganta da kamfanin da kuma ƙasar da aka zaɓa ranar buɗe akawun. A Afirka ma akwai, Microsoft ta buɗe nata a Afirka ta Kudu a 2019, Amazon ta bi a 2020 a Kef Tawun, Google kuma a Johannasbag a 2024. Camtel, kamfanin sadarwar gwamnatin Kamaru, ma tana da nata ɗakin ajiyar a Zamengoé kusa da Yawunde, amma manyan manhajojin nan na waje ba can suke kai bayananka ba.

Ni na ɗauka abin intanet ba ya cika?

A wurinsu kam da wuya ya cika, a wurinka ne yake cika Alhaji, saboda iya abin da ka biya aka yanka maka. Kamar hayar mangaza ne a babbar kasuwa, mai gini yana da ɗakuna jere har ƙarshen layi amma ɗaya ka kama, ranar da buhunanka suka kai rufi ko ka kama na kusa ka ƙara kuɗin haya, ko ka shiga ka fitar da kwalayen banza da yara suka tara a lungu. Mutanenmu kuwa kusan kullum na farkon suke fara tunani, ni kuma na biyun nake fara cewa a yi.

Gigan da nake saye a MTN ko Orange shi ne wannan gigan?

A'a. Ma'aunin ne dai ɗaya. Na forfe ɗinka, ko na Airtel da Moov ga 'yan Cadi, kuɗin hanya ne, kana aikawa ko kana saukewa yana ƙarewa. Na ma'ajiya kuma yana nan zaune ko ka kashe waya wata guda. Sai dai suna da alaƙa, duk hoton da ya yi nauyi sau biyu yake cin ka, ya ci forfe wajen hawa, ya je can ya zauna yana cin kuɗin wata.

To me ke cinye wurin? Mu fa ciniki kawai muke shigarwa.

Nan ne maganar take, kuma don Allah a karanta wannan ko da ba a karanta sauran ba. Cinikin ba shi ke cinye wuri ba. Layin faktir guda, sunan kaya da adadi da farashi da kwanan wata, rubutu ne zalla, nauyinsa bai taka kara ya karya ba, shagon da ke yanka faktir ɗari a yini sai ya yi shekaru bai ji a jikinsa ba. Abin da ke cika wuri shi ne abin da ake liƙawa a jikin faktir ɗin: hoton rasit, hoton bon ɗin kai kaya da direba ya sa hannu, takardun duwan da aka yi wa sikan, hoton kamyo gaba da baya, hoton allon MoMo ko Orange Money don shaidar an biya, wani ma har bidiyon sauke kaya yake ɗorawa wai don kar a yi gardama.

Mu ɗan yi lissafi. A ce kana sayar da siminti da rodi, yaranka suna ɗaukar hoton rasit 60 a yini, wayar zamani kuma hoto ɗaya sai ya kai mega 3 ba wahala. Mega 180 kenan a yini. Kwana 26 na aiki, ka kusa giga 5 a wata, shekara ta zagayo ka haura giga 55, a kan hotunan takarda kawai fa. Da an rage kowane hoto ya dawo kilo 200, wato kashi ɗaya cikin biyar na mega, wanda wallahi rubutun yana fitowa tangaran a karanta, da duk shekarar ba za ta kai giga 4 ba. Rasit ɗin dai shi ne, bambancin kawai wa ya ɗauka kuma ta yaya.

Bayan hotuna sai saƙonnin imel da manhajar ke kwafowa ta ajiye da duk abin da aka maƙala musu, sai littafin sa-ido wanda ke rubuta wane ya canza me da ƙarfe nawa, sai kuma wanda mutane ba sa tunawa da shi sam, wato kwafin gwaji. Mai ɗora maka manhaja yakan yi kwafin komai don ya koya wa yara ko ya gwada wani gyara ba tare da ya taɓa na gaske ba, aiki ya ƙare ya kama hanyar Yawunde ya manta da shi, a wasu manhajojin kuma wannan kwafin cikin kasonka ake lissafa shi.

Mu Dynamics muke amfani da shi, ya nuna min wuri kala uku, ɗaya ja biyu lafiya. Mene ne haka?

Tun 2019 Microsoft ta raba ma'ajiyar da yanzu ake kira Dataverse gida uku. Akwai na ainihin bayanai, wato sunayen abokan ciniki da oda da lissafi. Akwai na fayil, nan hotuna da PDF suke zama. Sai na uku na littafin sa-ido. Kowanne da kasonsa, kowanne da farashinsa, kuma tazarar ba kaɗan ba ce: a farashin da suka daɗe suna sakawa, ƙarin giga ɗaya na ainihin bayanai dalar Amurka 40 ne a wata, na sa-ido 10, na fayil kuma 2 kacal. Ka ga kenan wanda ya yi ja shi zai gaya maka ko ciwon kai ne ko na aljihu.

Wani abu da ya kamata ka sani, rarar mai tsada tana iya rufe giɓin mai araha, idan fayil ya haura amma kana da sauran wuri a na bayanai to an rufa maka asiri. Amma rarar fayil ba ta rufe giɓin na bayanai, ko giga nawa ka bari a can. Masu Business Central kuma, wata manhajar ce cikin dangin Dynamics, nasu tsarin daban ne, giga 80 ake fara ba kamfani sannan a ɗan ƙara a kan kowane lasisi, kuma wannan 80 ɗin na duka ne, na gaske da na gwaji a haɗe.

A ina zan ga abin da ya rage min?

Sai mai akawun ɗin shugaba ne ke gani, ba kowane yaron shago ba. Na Dataverse a cibiyar gudanarwa ta Power Platform ake dubawa, akwai shafin da ke jero maka teburan da suka fi nauyi daga sama zuwa ƙasa, shi ne abin kallo ba jimillar ba. Business Central ma yana da nasa shafin a cibiyar gudanarwarsa. Na Google kuma ka shiga Drive ka taɓa wurin ma'ajiya zai jero maka fayiloli daga mafi girma.

Amma tambayar da na fi so ka yi wa kanka ita ce, saƙon gargaɗin wa yake zuwa wa? Microsoft tana fara aiko da gargaɗi tun saura kashi 15 cikin 100, sai dai imel ɗin masu akawun ɗin shugaba take aika wa, galibi wanda ya buɗe akawun, kuma a wurare da yawa da na shiga imel ɗin na wani ɗan ɗan'uwan Alhaji ne da ya tafi karatu tun bara, ko na ma'aikacin da aka sallama. A gyara wannan yau, a sa imel ɗin da mai dukiya ko kontabul ɗinsa ke buɗewa.

Idan ya cika tam, ciniki zai tsaya?

Ya danganta. A Dynamics ba a rufe maka ƙofa rana ɗaya, yara za su ci gaba da shigar da ciniki, abin da ake fara hana ka shi ne buɗe sabon muhalli, wato sabon wurin aiki a manhajar kamar na gwaji, ko yin kwafi ko maido da tsohon ajiya, kuma wannan na ƙarshen shi ne mai zafi don ranar da kake buƙatarsa ranar tashin hankali ce. Google kuwa ba ta da wannan kawaicin, yana cika Gmail ya daina karɓa ya daina aikawa, mai kawo maka kaya daga Duwala ya turo faktir ta koma masa kai kana nan kana cewa bai turo ba. A ƙa'idarsu ma wanda ya zauna sama da kasonsa har shekara 2 suna iya share masa kaya. Wasu kamfanonin kuma ba sa hana ka komai, shiru za su yi sai ƙarshen wata ka ga an ƙara a kuɗin da aka cire. Ka karanta takardar yarjejeniyarka ka san wanne ne naka cikin ukun.

To in goge faktir ɗin shekarun baya mana in huta?

Kul Alhaji! Kamaru da Cadi duk suna cikin OHADA, ƙungiyar ƙasashen Afirka masu dokar kasuwanci iri ɗaya, kuma dokar lissafin kuɗi ta OHADA, wadda aka sabunta a 2017, ta ce littattafan lissafi da takardun shaidarsu a ajiye su shekara 10. Ranar da 'yan impo suka zo bincike ba za su saurari "wuri ne ya cika" ba. Ga shi kuma kamar yadda na faɗa a sama, su layukan faktir ɗin ba su ne masu nauyi ba, ka goge na shekara 3 ka duba ka ga ko motsi ma'aunin bai yi ba, ka ɓata lissafinka a banza. Ma'aunin kayan mangaza da bashin da kake bin mutane duk a kan waɗannan layukan suka tsaya, shi ya sa manhajojin kirki ba sa ma yarda ka goge faktir ɗin da aka riga aka tabbatar.

Abin da ake yi shi ne a raba takardar da hotonta. Lissafin ya zauna a manhaja, hotunan shekarun da aka rufe kuma a sauke su a kai ma'ajiya mai araha, a jera su shekara-shekara wata-wata, sunan kowane fayil ya ɗauki lambar faktir ɗinsa don a same shi cikin minti ɗaya. Takardun asali na hannu kuma su ci gaba da zama a kabad, kar wani ya ce tunda an yi sikan a ba mai ƙosai.

To me zan goge ba tare da fargaba ba?

Kwafin gwajin da ba a shiga, shi ne na farko kuma sau da yawa shi kaɗai ya isa. Sai bidiyo, duk wani bidiyo, ba wurinsa ba ne. Sai hotunan da aka ɗora sau biyu sau uku saboda rezo ya yi nauyi yaro ya yi ta danna maɓalli. Sai tarihin ayyukan da manhaja ke yi da kanta cikin dare waɗanda suka gama lafiya, da ragowar fayilolin Excel da aka shigo da kaya da su tun ranar farko, da imel na talla. Hotunan kayan da ka daina sayarwa ma haka.

Littafin sa-ido kuma a bi shi a hankali. Ni ba na son a kashe shi gaba ɗaya, don shi ne ke nuna wanda ya canza farashin buhu ƙarfe goma na dare ko ya rage bashin abokinsa. A bar shi a kan kuɗi da farashi da adadin kaya, a cire shi a kan abubuwan da ba ruwan kowa, a kuma sa masa wa'adi yadda tsofaffi za su riƙa fita da kansu. Kuma kafin a goge komai mai yawa a sauke kwafi tukuna, kar kuma a yi wannan aiki lokacin da kontabul ke fama da DSF, wato bayanin lissafin shekara da ake kai wa 'yan impo, a bari ya miƙa.

Na goge abubuwa da yawa amma har yanzu yana nuna a cike, ko cuta ce?

Ba cuta ba ce, abu uku ne. Na farko kwandon shara, a Google Drive abin da ka goge yana kwana 30 a can kuma ana lissafa shi har sai kwanakin sun cika ko ka zubar da hannunka, a OneDrive na kamfani kwana 93 ne. Na biyu ma'aunin ba nan take yake sabuntawa ba, ka ba shi kwana ɗaya ko biyu. Na uku, wanda masu Odoo suka fi faɗawa, maɓallin adanawa a taskar tsofaffi ba gogewa ba ne, ɓoye maka abin kawai yake daga ido, yana nan da nauyinsa.

Ni Hajiya ce mai shagon atamfa da turare, 'yan matan shagona da waya suke ɗaukar komai. Me zan ce musu?

Hajiya ki ce musu su daina ɗaukar rasit da kyamarar waya kai tsaye. A cikin Google Drive akwai wurin yin sikan, wasu wayoyin ma suna da nasu, yana yanke gefen tebur da yatsun mai riƙewa ya bar takardar kaɗai ya mai da ita PDF mara nauyi. A zaɓi baƙi da fari ko toka-toka, rasit ba ya buƙatar kala. In na'urar sikan ce ta ofis a sa ma'aunin kaifin hotonta, wato dpi, a 150 ko 200, ba sai 600 ba, wannan na masu buga hoton biki ne.

Hoton atamfa kam dole da kala, amma guda ɗaya mai kyau a rage girmansa ya isa kowane zane, sauran goman da aka ɗauka ana neman haske su tsaya a waya. Kuma ki zaɓi yarinya ɗaya ta zama ita ke ɗorawa, in kowa na ɗorawa ba wadda za ki tambaya.

Ba gara in sayi ƙarin wuri kawai ba? Lokacina ya fi min kuɗin.

Wani lokacin gaskiyarka ne, ba na musu. In wurin fayil ne mai araha kuma kasuwa ce ta buɗe, ka ƙara reshe a Gidar ko Yagwa, to saya ka wuce wurin. Amma ka tuna kuɗin nan ba sau ɗaya ba ne, kowane wata ne har illa masha Allah, kuma in ba a toshe inda yake zuba ba bayan wata shida za ka sake saye. Shi ya sa nake cewa a share tukuna, a gyara yadda ake ɗora hoto, a zuba ido wata biyu a ga giga nawa yake ƙaruwa a wata, sannan a sayi abin da zai kai shekara. Ka lura da lokacin kaka ma, mai harkar albasa ko masara ko wanda ke hulɗa da manoman auduga, abin da zai ɗora a watannin ciniki ya ninka na damina, kar ka auna da watan Agusta.

In an ba ka zaɓi tsakanin biya da yuro ko dalar Amurka, ni yuro nake ɗauka, tunda sefa a ɗaure take da shi a kan 655.957, ka san abin da za ka biya daga Janairu har Disamba, ita kuwa dala yau sama gobe ƙasa. Kuma a tabbata katin bankin da aka sa bai kusa mutuwa ba.

Mu ƙaramin shago ne, Gmail da Drive na kyauta muke amfani da su, me ya sa namu ya cika da wuri?

Giga 15 ɗin da Google ke bayarwa kyauta na abu uku ne a haɗe, Gmail da Drive da Google Photos. Da can hotuna ba sa shiga lissafi, daga 1 ga Yuni 2021 suka fara shiga. Sannan daga farkon 2024 ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android ita ma ta shigo cikin wannan 15 ɗin, to ka duba guruf nawa kake ciki, na 'yan kasuwa, na dangi, na unguwa, na wa'azi, kowanne da bidiyonsa. Ka shiga saitin ajiyar WhatsApp ka cire bidiyo daga ciki, za ka sha mamaki. Mafi kyau dai shago ya yi akawun ɗinsa daban, kar a haɗa takardun duwan da hotunan suna. OneDrive da iCloud na kyauta ma giga 5 ne kawai, kar ka ce can za ka gudu.

Tunda a intanet yake ai ba ya ɓata ko? Sai na sake ajiye wani kwafi?

Yana ɓata. A watan Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen ajiyar kamfanin OVH a Sitirasbur ta Faransa, waɗanda ba su da kwafi a wani wuri wasunsu sun rasa bayanansu har abada. Wannan ma ba kullum yake faruwa ba, abin da ya fi faruwa shi ne yaro ya goge bisa kuskure, ko wanda aka sallama ya goge da gayya kafin a canza lambar sirri. Kamfanonin suna ajiye kwafi, amma na ɗan lokaci ne, Business Central kwana 28 baya yake iya mayar da kai, Odoo na intanet kuma wata 3. In ba a gano ɓarnar ba sai lokacin rufe shekara, an makara.

Ƙa'idar da masu wannan aiki ke bi ita ce kwafi 3, a kan abu iri 2, ɗaya a wani wuri daban. A aikace, duk ƙarshen wata ka sauke cikakken kwafi, a Odoo yana zuwa a dunƙule da bayanan da fayilolin duka, ka sa a faifan ajiya na waje, wani kuma a wata ma'ajiyar intanet ta daban. Faifan nan kar a bar shi a shago kan kanta, zafin Maris da Afrilu na garin nan da ƙurar hunturu ba sa raga wa na'ura, ga wutar da ke ɗaukewa ta dawo da ƙarfi musamman in ruwan madatsar Lagdo ya ja baya. A kai shi gida a sa a durowa. Filash kuma na ɗaukar abu ne daga nan zuwa can, ba na ajiyar shekara 10 ba. Lokaci-lokaci a buɗe kwafin a ga yana buɗuwa.

Idan rezo ya ɗauke fa?

Bayananka suna nan lafiya, kai ne dai ba ka isa gare su. Mun gani a 14 ga Maris 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka yanke ta wajen Kodebuwa, ƙasashe da yawa har da Kamaru suka shiga wahalar intanet. 'Yan Njamena sun fi mu sanin wannan, tunda Cadi ba ta da teku, babbar hanyar intanet ɗinta ta Kamaru take bi ta shiga ta Kusiri, in aka yanke waya a hanya su ma sun ji. Ka riƙe layi biyu na kamfani daban-daban, ka riƙe littafin faktir na hannu a durowa, kuma duk sati ka sauke jerin farashi da jerin masu bashi a Excel a waya. Wurin sayarwa na Odoo yana iya ci gaba da karɓar ciniki in an riga an buɗe shi kafin rezo ya tafi, ya tura in ya dawo, amma kar yaro ya rufe shafin ko ya share tarihin burauza kafin nan.

Muna ɗaukar hoton katin ɗan ƙasa na masu karɓar kaya bashi, akwai matsala?

Akwai nauyi biyu, na wuri da na amana. Cadi tana da dokar kare bayanan mutane tun 2015, Kamaru ma ta yi tata a Disamba 2024. Ka karɓi iya abin da kake buƙata, kar kowane yaro ya iya buɗewa, wanda ya gama biyan bashinsa kuma ba ku da sauran hulɗa a cire hoton katinsa.

In na daina biya, ko ina so in koma wani kamfani, za su ba ni kayana?

Za ka iya fitar da su, amma tun kana ciki ake yi ba bayan an rufe ba. Kowane kamfani yana da 'yan kwanakin da yake jira bayan kuɗi ya ƙare sannan ya share, kuma ba ɗaya ba ne, yana rubuce a yarjejeniya. Abin da nake ba da shawara, tun kafin ka sa hannu da kowa ka ce a nuna maka yadda ake fitar da abokan ciniki da kaya da lissafi zuwa Excel, sannan ka tambaya musamman yadda ake fitar da hotuna da PDF a dunƙule, don nan ne ake shan wuya, wasu sai dai ɗaya bayan ɗaya. In ta hannun wani mai ɗorawa ka bi, ko ni ne, ka tabbata akawun ɗin da sunan kamfaninka aka buɗe kuma lambar sirrin shugaba tana hannunka. In za a yi ƙaura a yi ta bayan an rufe lissafin shekara, a bar tsohon a buɗe ko da wata ɗaya ne ana gwada alƙaluman biyu, jimillar bashi da adadin kayan mangaza da kuɗin kes, sai sun yi daidai sannan a ce a rufe.